Ina so in sa wa yarona Fairuz, Alhaji ya ce sai na kawo hujja kafin Juma'a

Abban Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, Allah ya sauki maiɗakina lafiya ranar Asabar da asuba, an samu namiji. Uwa da ɗa duk lafiya lau. To amma ga inda gizo ke saƙar. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da wani suna a zuciyata, tun wani dare tsakanin Magariba da Isha da malaminmu ya kawo mana labarin sahabin da ya kashe annabin ƙarya na Yaman. A wurin na ƙudurta cewa in Allah ya ba ni namiji, Fairuz zan sa masa. Da aka haifi Jidda na ajiye shi, yanzu ga shi Allah ya kawo.

Jiya na shiga cikin gari wajen mahaifina Alhaji na gaya masa. Yana zaune a zaure kan buzunsa, ya ɓare goro ya jefa a baki, ya daɗe yana taunawa bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "Fai me?" Na maimaita. Ya ce shi shekararsa saba'in da ɗoriya a Zazzau bai taɓa cin ragon mai wannan suna ba, amma ba zai hana ni ba in na kawo masa hujja kafin Juma'a. Ina fitowa Yaya Babba ta tare ni a tsakar gida ta ce ai sunan mata ne. Na dawo shago a Tudun Wada, maƙwabcina ya ce wai sunan wanda ya kashe Sayyidina Umar ne. Kaina ya ɗaure. Har yanzu kiran salla kawai na yi wa yaron a kunne, ban raɗa masa komai ba. Don Allah masu ilimi a taimaka: daga ina sunan ya fito, me yake nufi, kuma akwai wanda ya taɓa ganin mai shi a ƙasar nan?

Maman Walid:
Barka, barka! Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya. Amma Abban Jidda, tsakani da Allah, duk sunayen da ke duniya sai wanda za a riƙa tambayar yaro "me ka ce?" har ya tsufa? Abubakar ya ƙare ne ko Usman?

Ɗan Kwarbai:
Maman Walid ke ma fa Walid kika sa, ba Garba ba. Kakarsa ta iya faɗa a makon farko?

Maman Walid:
Har yau "Walidu" take cewa, amma dai ba wanda ya taɓa ɗauka mace ce.

Almajirin Kona:
Allah ya raya mana, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne. Abban Jidda, mutanen nan uku da suka yi maka magana kowa ya riƙo wani gefe na gaskiya, ba wanda ya riƙo ta duka.

Sunan ba Larabci ba ne, Farisanci ne. A bakin masu shi Piruz ake cewa, a tsohon harshensu kuma Peroz, ma'anarsa wanda ya yi galaba, wanda ya ci nasara. Larabawa ba su da harafin P, in kalma ta zo musu da shi sai su mayar da shi F ko B. Ko sunan ƙasar ma haka aka yi masa: Pars ce ta koma Faris, mu kuma muka ce Farisa. To Piruz ya shiga bakin Balarabe ya fito Fairuz. Sarakunansu sun yi amfani da shi tun kafin zuwan Musulunci. Akwai Peroz na ɗaya cikin sarakunan Sasaniyawa, ya yi mulki daga 459 zuwa 484, kuma abin da zai ba ka dariya, mai sunan nasarar a fagen yaƙi aka karya shi aka kashe.

Wanda kai kake nufi kuwa shi ne Fairuz Ad-Dailami, Allah ya yarda da shi. Yana cikin mutanen da ake kira Abna'u, wato jikokin sojojin Farisa da suka zo Yaman taimaka wa Saifu ɗan Zi Yazan korar Habashawa, suka zauna suka auri matan ƙasar. Da ya musulunta yana auren mata biyu ya da ƙanwa, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya rabu da ɗaya. Wannan hadisi yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah, duk wanda ya yi karatun babin aure ya ci karo da shi. Ka lura da kyau: an raba shi da mace, ba a raba shi da suna ba. Alhali Annabi (SAW) yana sauya sunan da bai dace ba, kamar yadda ya mayar da Barra ta koma Zainab. Wannan kaɗai ya isa ka kai wa Alhaji.

Abu Hafsin:
Allah gafarta Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka tsallake wanda ya fi nauyi. Abu Lu'lu'a, bawan Mugira ɗan Shu'uba, sunansa Fairuz. Shi ya shiga sahu a sallar Asuba a Madina, watan Zulhajji shekara ta 23 bayan Hijira, ya soki Amirul Muminina Umar da wuƙa mai kai biyu. Bai tsaya nan ba, ya bi sahu yana suka har mutum 13, bakwai suka rasu, kamar yadda ya zo a Bukhari. Ni dai ba zan iya tsayawa ƙofar gida in ƙwala wa ɗana kira da wannan suna ba. Ban ce haramun ba ne. Na ce zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Almajirin Kona:
Ban tsallake ba Malam, na bari ne ka kawo da kanka don na san kana nan tafe. To in tambaye ka: wa ya sari Sayyidina Ali a Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40? Ibnu Muljam. Sunansa na yanka fa? Abdurrahman. Ga shi kuwa hadisin Muslim ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman. Ka taɓa jin wanda ya fasa sa wa ɗansa Abdurrahman saboda Ibnu Muljam?

Abu Hafsin:
Wannan ƙiyasi bai zauna ba. Abdurrahman teku ne, in ka jefa gawayi ɗaya a ciki ba ya sauya launi. Akwai Ibnu Auf, akwai dubban malamai, akwai ɗaya a kowane lungu na Zariya. Fairuz kuwa ruwan cikin moɗa ne, ɗigo ɗaya ya isa ya gurɓata shi. Duk tarihin farkon Musulunci mutum biyu aka fi sani da shi, ɗaya ya kashe maƙaryaci, ɗaya ya kashe Faruƙu.

Ɗan Kwarbai:
Kai, wannan ta shiga. Almajiri, tashi ka rama.

Almajirin Kona:
Ta shiga, na yarda, maganar moɗa magana ce. Amma ka je masallacin unguwarku yau bayan La'asar ka tambayi sahun farko wa ya kashe Sayyidina Umar. "Abu Lu'lu'a" za su ce maka. Da alkunyarsa tarihi ya riƙe shi, sai wanda ya buɗe littafi ne ya san sunansa. Kuma ba mu ga an hana mata cewa lu'ulu'u ba saboda shi. Sannan ba mutum biyu ba ne kawai. Ma'aruful Karkhi, wanda 'yan ɗariƙa ke ambata a silsila, littattafai da dama suna rubuta shi Ma'aruf ɗan Fairuz. Cikin tabi'ai akwai Abul Bakhtari, sunansa Sa'idu ɗan Fairuz. Moɗar ta fi yadda kake zato girma.

Baban Ikram:
Ni ku bar rigimar nan tukuna. Labarin annabin ƙaryar nake so, ban taɓa jinsa ba. Musailama kawai na sani.

Almajirin Kona:
Ai labarin ne ya kama Abban Jidda, kuma duk wanda ya ji shi ba zai ga laifinsa ba. Aswad Al-Ansi, sunansa na ainihi Abhala, ya yi da'awar annabci a Yaman a ƙarshen rayuwar Manzon Allah (SAW). Boka ne mai rufa-ido, kuma cikin ɗan lokaci ya ci Najran ya ci San'a'a. Ya kashe Shahar ɗan Bazan wanda ke riƙe da garin, ya aure matarsa Azad a kan dole. Abin da bai lissafa ba, Azad 'yar baffan Fairuz ce, kuma ba ta da abin ƙi a duniya kamarsa.

Masu tarihi irin su Ɗabari suka ce ita ta ba su sirrin gidan. Ta ce ko'ina da masu gadi sai bayan wani ɗaki guda. Da dare Fairuz da abokansa biyu, Dazawaihi da Ƙaisu ɗan Makshuh, suka fasa bangon ta nan. Fairuz ya fara shiga, ya same shi yana barci, ya kama kansa ya murɗe wuyan. Mutumin ya saki wani irin ruri kamar na bijimin sa. Masu gadi suka sheƙo bakin ƙofa suna tambaya lafiya? Sai Azad ta ce musu, ku koma, annabi ne ake yi wa wahayi. Suka juya abinsu. Da asuba aka hau aka yi kiran salla, aka shaida Muhammadu Manzon Allah ne, aka ƙara da cewa Abhala maƙaryaci ne. Wannan a shekara ta 11 ne, dab da wafatin Annabi (SAW). A cikin Bukhari ma, wajen hadisin mafarkin awarwaro biyu na zinariya, an ambata cewa ɗayan shi ne Ansi wanda Fairuz ya kashe a Yaman, ɗayan kuma Musailama.

Hajiya Ta Gyallesu:
To ni a labarin nan Azad ce jarumar. Ku maza kun fasa bango, ita ta san wane bangon, ita kuma ta sallami masu gadi da magana ɗaya. Abban Jidda, in Allah ya kawo mace a gaba ka san abin yi.

Bakanon Samaru:
Ni abin da ya ba ni mamaki, wai Bazazzagi ne ke damuwa ko suna na mace ne ko na namiji. Ku da kuke cewa "matana ya dawo daga kasuwa"? Ai Fairuz sunanku ne, Allah ya yi shi don ku. Mace ya ɗauka, namiji ya ɗauka, ba rigima.

Ɗan Kwarbai:
Ka zo garinmu karatu, mun ba ka ɗaki, mun ba ka digiri, yanzu ka ƙoshi. Allah ya shirye ka Bakano. Da kuɗi ake sayen suna da tuni kun kai shi Kwari kun sa masa farashi.

Na Shika:
Maganar Yaya Babba tana da tushe, kuma mace ɗaya ce ta jawo. A ƙasashen Larabawa in ka ce Fairuz ba wanda zai tuna sahabi, mawaƙiyar Labanan za a tuna, wadda gidajen rediyonsu ke buɗe safiya da muryarta. Kuma ita ma ba sunanta ba ne, Nuhad Haddad take, laƙabin waƙa ne aka ba ta ya bi ta. Tun daga nan sunan ya karkata wajen mata a Sham da Masar. Duk Hajiyar da ta zauna Saudiyya ko take kallon tashoshin Larabawa, mace za ta ce maka.

Amma ka tsallaka gabas sai labari ya sha bamban. Na yi karatu a Maleshiya, a can na zauna aji ɗaya da maza masu suna Fairuz, da gemunsu. A Indiya da Pakistan Firoz ko Feroz suke cewa, kuma na maza ne tsantsa. Akwai Sarkin Delhi Firuz Shah Tughlak da ya yi mulki daga 1351 zuwa 1388. Mijin Indira Gandhi ma Feroze ne, daga wajensa ta samo Gandhin, ba daga Mahatma ba kamar yadda mutane ke zato. A Iran kuwa har yau Piruz suke cewa da P ɗinsu, nasara kuma piruzi. Masu kallon ƙwallo za su tuna ƙungiyar Persepolis ta Tehran, an daɗe ana kiranta Piruzi bayan juyin juya halinsu.

Baba Na Wusasa:
Yaro ka tuna mini da Feroz Khan. Mu da muka yi zamanin shiga silima a Sabon Gari mun san shi, dogo mai tafiyar ƙasaita. Da a lokacin ne aka kawo sunan nan da ba a sha wahalar bayani ba, sai dai a ce uban yaro ɗan silima ne, wanda kuma a wajen iyayenmu ya fi komai muni.

Mai Zobe:
Ni ba malami ba ne amma dutsen fairuz a hannuna yake kwana. Ina sayar da zobba da carbi da turare, kuma duk wanda ya je Makka ko Madina ya ga dutsen nan a kan zoben azurfa. Launinsa tsakanin shuɗi da kore, kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa, wani da 'yan jijiyoyi baƙaƙe a jikinsa kamar saƙar gizo. Mai kyan daga Naisabur ta Iran ake haƙo shi, garin Imamu Muslim. Na jabu ya cika kasuwa, farin dutse ne ake rinawa, wani ma roba ce zalla, in ka ɗora a kumatu ba ka jin sanyin dutse. Jiya ma wani ya kawo mini nasa da ya sayo da tsada, na kankare gefe da farce sai ga fari fat. To ina ganin ta nan sunan ya zama na mata, kamar yadda ake sa musu Lu'ulu'u da Murjanatu da Zumurruda.

Almajirin Kona:
Mai Zobe ka ce kai ba malami ba ne, ga shi ka warware mas'alar. Dutsen da Farisanci piruza ne, daga tushen kalmar nasara ɗin dai. Da su biyun suka shiga Larabci sai suka haɗu a lafazi ɗaya. Wanda ya sa wa mace dutsen yake nufi, wanda ya sa wa namiji nasarar yake nufi.

Maman Walid:
To in nasara ake nema a sa masa Nasiru mana, a huta.

Almajirin Kona:
Nasiru mai taimako ne Hajiya, ba mai nasara ba, Hausa ce ta ruɗe mu don mun ɗauko kalmar nasara daga tushe ɗaya. Wanda aka taimaka ya yi galaba shi ne Mansur. In fassarar Fairuz ake so daidai wa daida, Muzaffar ko Fa'iz sun fi kusa.

Ɗan Kwarbai:
Duk kuna ta kewaye-kewaye, bari ni in faɗa. A garin nan namu, ka ce sunan ɗanka daga Iran ya fito, kowa ya san tambayar da za ta biyo baya. Wani zai yi maka kallon ka koma wani ɓangare, wani ɓangaren kuma ya ɗauka nasa ne ya zo. Yaro bai san hawa ba bai san sauka ba an riga an ba shi layi.

Sarkin Gida:
Ɗan Kwarbai, ka faɗa mun ji, a tsaya nan. Ƙa'idar gidan nan ba ta sauya ba: ba a zagin aƙidar kowa. Duk wanda ya ɗora a kan wannan da baƙar magana zan goge ba sallama.

Na Shika:
Ranka ya daɗe ba zagi zan yi ba, gyaran tarihi ne. Farisa ƙasa ce da harshe, ba mazhaba ba. Sai a 1501, zamanin Shah Isma'il na Safawiyawa, Shi'anci ya zama mazhabar gwamnati a can, shekaru ɗaruruwa bayan Fairuz Ad-Dailami ya yi zamaninsa ya wuce. Kakan kakan Imamu Bukhari sunansa Bardizba. Rabi'a malamin Imamu Malik, mahaifinsa Farrukh. Sibawaihi da ake taƙama da shi a nahawu, sunan nasa ma Farisanci ne. Kuma mu nan mun daɗe muna sa irin waɗannan ba mu sani ba. Yasmin daga can take. Firdausi ma, duk da tana cikin Alƙur'ani, masana harshe suna mayar da asalinta ga tsohuwar kalmarsu ta lambu mai katanga. Gida nawa ne a Zariya babu Firdausi?

Almajirin Kona:
Ƙari a kan haka, duk wanda ya ce "ƙamus" da Hausa ya taɓa gefen sunan nan bai sani ba. Kalmar a da teku take nufi. Fairuzabadi, wanda ya rasu a Zabid ta Yaman shekara ta 817 Hijira, shi ya sa wa littafinsa na lugga suna Al-Ƙamusul Muhiɗ, littafin ya shahara har aka koma kiran kowane irinsa ƙamus. Nisbarsa kuwa zuwa garin Fairuzabad ce. Garin a da Gur ake ce masa, to gur da harshensu kabari ne, in sarki ya tafi can sai a ce sarki ya tafi kabari. Shi ya sa a zamanin Sarki Adudud Daula aka sauya masa suna. Ka ga su ma can sun san suna linzami ne.

Malama Ta Kongo:
Ni ta ɓangaren rajista zan yi magana, don aikina ke nan shekara da shekaru. Zamanin da na fara koyarwa, aji guda sai ka samu Muhammad da Abubakar da Ibrahim sun cinye rabin shafi, sai da sunan uba ake rarrabewa. Yanzu kuwa Ayman ne, Affan, Sudais, Shuraim, Haidar, Arfan. Iyaye na gudun sunan da kowa ke da shi, sai kuma duk su faɗa rami ɗaya. Fairuz dai sau biyu na taɓa rubuta shi, kuma duka biyun mata ne. Shawarata ɗaya: in ka yanke, ka zaɓi rubutu guda ka riƙe shi gam tun daga takardar haihuwa. Fairuz, Fairus, Fayruz, Firoz, Feruz, kowane mai cike fom da yadda kunnensa zai ba shi. Harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar makaranta da katin ɗan ƙasa, sai ka ga babban mutum yana yawon rantsuwa a kotu.

Mai Sunan:
Tun jiya ƙanwata ta turo mini wannan zance ta ce ana shari'ata ba na nan. Ni sunana ke nan, kuma namiji ne ni, da 'ya'ya uku. Mahaifinmu ya yi karatu a Pakistan, daga can ya zo da shi.

Abin da Malama ta faɗa ya same ni. Ranar da na je kama ɗaki a makarantar da na yi, na duba allon maza daga sama har ƙasa babu ni. Na sake bi da yatsa, babu. Wani ya ce in leƙa ɗaya allon. Ga ni nan ɓaro-ɓaro, ɗaki na kaza, gado na sama, tsakanin wata Fadila da wata Fa'iza. Na je ofis da jakata a kai, matar da ke wurin ta dube ni ta ce, "Ita Fairuz ɗin ta zo da kanta mana, ba a aike." Na ce Hajiya ai ita ce tsaye gabanki. Sai da ta cire tabarau ta goge. Kwana tara na yi ina kwana a masallaci kafin a gyara.

Amma in ka tambaye ni ko zan sauya, a'a. Ban taɓa shiga wuri an ce "wanne daga ciki?" ba. Malamin da ya koyar da ni a firamare ya gan ni a Kwangila bayan shekara ashirin ya kira ni da sunana. Maganar Abu Lu'lu'a kuma, a rayuwata mutum biyu ne suka taɓa yi mini ita, duka biyun kuma da na ba su labarin Dailami sai suka ce ba su taɓa ji ba. Abin da zan ce maka kawai, ka koya wa yaron labarin tun yana ƙarami, don shi za a riƙa tsarewa da tambaya, ba kai ba. A gida dai Feru ake ce mini, kakata kuwa har ta koma ga Allah "Fairuzu na Gwaggo" take cewa.

Maman Walid:
Ni fa duk kun bi ta littafi, ba wanda ya dubi tsohon nan da ke zaure. Abban Jidda, wannan ne ɗanka namiji na fari ko? Ka je gaban mahaifinka, ya ɗauka albishir ɗin takwara ka kawo masa, sai ka ɗauko masa suna daga Yaman. Shirun da ya yi yana tauna goro ba na neman hujja ba ne. Dattijo ba zai buɗe baki ya ce sa masa sunana ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau Rimin Tsiwa ba zai hango ba. Ka yi masa takwara, tunda ba mai iya kiran sunan Alhaji gatsau a gidan dole a nemi laƙabi, sai Fairuz ɗinka ya shiga ta nan. Ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Abban Jidda:
Wallahi Hajiya jikina ya yi sanyi, ban kawo wannan a raina ba sam. Sai dai akwai matsala. Sunan Alhaji Umaru.

Ɗan Kwarbai:
Inna lillahi! Umar Fairuz! A'a, wannan ko Almajirin Kona ba zai iya kare ta ba.

Abu Hafsin:
Ka ga abin da nake faɗa ko? Ina roƙonka da girman Allah kada ka haɗa biyun nan a kan yaro ɗaya. Ka sa Umar ka kira shi Faruƙ, kusan sautin ma ɗaya ne, ko ka sa Fairuz ɗinka shi kaɗai.

Almajirin Kona:
A nan kam ina bayan Abu Hafsin. Ba don shari'a ta hana ba, don bakin mutane.

Abban Jidda:
Jama'a na dawo, kuma na gode ƙwarai. Daren jiya Alhamis na koma wajen Alhaji, na fara da maganar Maman Walid, na ce ina neman izini in yi masa takwara. Ya yi dariya har da tari. Ya ce jikokinsa uku ke amsa Faruƙ a gidan nan, in ya kira ɗaya kai uku ke juyowa, ya ƙoshi. Ya ce ina hujjar da ya aike ni? Na karanta masa abin da Almajirin Kona ya rubuta daga wayata. Ya ce shi ba ya karɓar hujja daga waya. Ya aika aka kira Malam Liman, ya zo da Isaba, littafin Ibnu Hajar na tarihin sahabbai, a hammata, ya lashi yatsa yana buɗawa har ya kai harafin fa'un, ya karanta ya fassara. Tambaya ɗaya Alhaji ya yi: Annabi ya gan shi ya bar masa sunansa? Liman ya ce ya bar masa. Ya ce to shi wane ne da zai hana. Sharaɗinsa a sa Muhammadu a gaba. Hajiyarmu kuma ta ce ita harshenta ba zai juya ba, Mai Nasara za ta riƙa cewa.

Suna gobe Asabar bayan sallar Asuba a ƙofar gidan Alhaji. Wanda ya san gidan ya taho da wanda bai sani ba.

Abu Hafsin:
Allah ya raya Muhammadu. Ni da wannan zan riƙa kiransa, kuma ina nan zuwa in sha Allah.

Bakanon Samaru:
Na je, na ci goro, na ci waina, kuma dole in ba da rahoto. Liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, sai maroƙi ya miƙe ya gyara babbar riga ya buɗe murya: "An samu Fairuza! Allah ya raya Fairuza!" Muhammadun ma bai ji shi ba. Nan take guɗa ta tashi a cikin gida, wata tsohuwa ta leƙo zaure tana cewa ashe mace ce aka ce musu namiji. Abban Jidda ya bi maroƙin da gudu har bakin titi, sai da ya ƙara masa kuɗi ya dawo ya sake shela. Alhaji na zaune kan buzu yana ta murmushi, ya ɓare wani goron.

Mai Sunan:
Ku gaya wa takwarana ya fara sabawa. Abban Jidda, ranar karɓar takardar haihuwa ka tsaya a kan mai rubutun har sai ka ga abin da ya cike a gurbin jinsi da idonka.